Yadda Ake Ƙiyasta Kuɗin Gidajen Tsaron Jama'a: Jagora ga Mutanen Jabo da Maƙwabtansu

Duk garin da ya bunƙasa har kasuwarsa ta fara tara baƙi, rumbunansa suka yawaita, motoci suka riƙa kwana a tasharsa, lalle wata rana dattawansa za su zauna a ƙofar uban ƙasa su ce lokaci ya yi da za a nemi ofishin 'yan sanda na kirki, ko tashar 'yan kwana-kwana, ko masaukin 'yan sintiri. Abin da aka saba gani kuwa shi ne, tun ba a tashi daga zaman ba wani ya riga ya yanko adadi daga kansa, miliyan kaza, an rubuta a takarda an kai wa ciyaman, alhali ba wanda ya auna fili, ba wanda ya tambayi farashin rodi, ba kuma wanda ya san daga aljihun wa albashin mai gadi zai fito. Takarda irin wannan ɗayan biyu ke samunta: ko dai ta kwana cikin fayil har ƙura ta rufe ta, ko kuwa a saki rabin kuɗin, gini ya kai linta ya tsaya, awaki su mayar da shi wurin shan inuwa. Nufina a nan in shimfiɗa tartibin da ya kamata kansila, da ma'aji, da shugabannin ƙungiyar ci gaban gari su bi kafin su furta adadi ko ɗaya, na kuma ɗauki Jabo da ƙasashen Tambuwal da Kebbe don su zama abin misali.

Al'amarin ba baƙo ba ne a wannan ƙasa, domin Tambuwal kanta ribaɗi ce wadda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna a cikinta don tsare wannan sashe, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin risalar da ya rubuta wa Ummarun Dallaji na Katsina kan usulin siyasa, ya lissafa gina garuruwa masu ganuwa da kula da kasuwanni da hanyoyi cikin abubuwan da ke wuyan shugaba. Malaman Malikiyya da suka yi magana kan yadda ake sarrafa dukiyar baitulmali sun gabatar da toshe wuraren da ake jin tsoro a kan sauran hidimomi. Bambancin da ke tsakaninmu da su shi ne, ganuwa ta ƙasa ce, da gayya ake yin ta, da gayya ake yaɓe ta bayan damina, amma ginin yau kusan kome nasa sai an saya.

Tambaya ta farko, wadda mutane suka fi tsallakewa, ita ce ginin na wa ne. A zamanin En'e 'yan doka ma'aikatan Sarki ne, daga baitulmalin En'e ake biyansu, har zuwa ƙarshen shekarun 1960 lokacin da gwamnatin Janar Gowon ta haɗe su da 'yan sandan Nijeriya. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 214, ya ce rundunar 'yan sanda guda ɗaya ce a ƙasar nan, kuma ta Tarayya ce. Aikin kwana-kwana akwai na jiha akwai na Tarayya. Dakarun tsaron al'umma da aka ƙaddamar a Sakkwato a 2024 na gwamnatin jiha ne. Ƙaramar hukuma kuwa, abin da jadawali na huɗu ya ɗora mata shi ne kasuwanni, da tashoshin mota, da mahauta, da maƙabartu, da magudanan ruwa, da makamantansu. Ma'anar wannan ita ce, gari yana iya tara kuɗi ya gina ofishi mai ƙyalli, amma ba shi da ikon tura ɗan sanda ko ɗaya cikinsa. Saboda haka tun kafin a kira magini, a je wa Difi'o, ta hannunsa kuma a kai ga Kwamishinan 'yan sanda a Sakkwato, ko a je wa shugaban hukumar kwana-kwana, a nemi amsa a rubuce cewa in an gina za su karɓa, mutum nawa za su turo, kuma wane fasali suke so. Alkawarin baki a irin wannan mas'ala ba hujja ba ne, don wanda ya yi shi ana iya canza masa wurin aiki kafin bulo ya bushe.

Bayan wannan sai a zo ga tahƙiƙin buƙatar kanta, a nan ne kuma ya kamata a daɗe. A sami littafi guda, a ba mutum biyu amintattu masu iya rubutu, su bi masu unguwanni, da sarkin kasuwa, da shugaban 'yan tasha, da ma'aikatan asibitin gari, da arɗon Fulani, su tambaye su abin da ya auku cikin shekaru biyar da suka wuce: gobara nawa, a wane wata, me ya ƙone, da me aka kashe ta, satar shanu ko babur nawa, haɗarin mota nawa, kuma wa ya ɗauki waɗanda suka yi rauni, gidaje nawa ruwa ya rusa. Kowane labari a rubuta shi da sunan unguwa da wata, a kuma nemi shaida ta biyu a kansa, domin mutane sukan ƙara gishiri in sun ji ana maganar kuɗi, wasu kuma sukan ɓoye don gudun a ce garinsu ba lafiya. Idan aka gama aka dubi littafin, yawanci zai faɗi abin da ba a zata ba. La'alla a ga cewa abin da ya fi cin dukiyar mutane gobarar hunturu ce, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ke kaɗawa, karan dawa da harawa suna jibge bisa rumfuna, tsofaffi suna kwana da kaskon wuta, masu sayar da fetur a galan kuma suna jere bakin hanya. In haka ne, to neman ƙarin ɗakin tsare masu laifi kafin tankin ruwa kuskure ne, ko da shi ya fi daɗin faɗi a taron siyasa. Gobarar babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, da ta kasuwar Katsina a Maris ɗin shekarar, sun isa su nuna cewa ko inda motocin kwana-kwana suke kusa wuta takan riga su, balle garin da sai an yi waya an jira. Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin kowa, kamar ɓaraguzan makaman da suka faɗo a Jabo daren 25 ga Disamba 2025. Irin wannan ba a gina masa gida na musamman, amma yana tuna wa mai ƙiyasi cewa tilas a sami wuri guda sananne, mai fitila da waya da mutum a farke, inda jama'a za su nufa in abu ya faru da tsakar dare.

Nisa kuma da minti ake auna shi, kuma sau biyu, da rani da kuma tsakiyar damina, saboda hanyar da babur ke yi cikin minti ashirin a watan Maris tana iya zama ta awa biyu a Agusta in fadama ta cika. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Tambuwal mutum sama da dubu 220, ta ba Kebbe sama da dubu 120, alhali Kebbe ta fi Tambuwal faɗin ƙasa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ma'auni ɗaya ba zai yi wa su biyun ba, domin inda mutane suka warwatsu mota da mai da waya sun fi girman ofishi amfani, inda suka cunkushe kuwa ruwa da hanyar shiga lungu su ne abin nema.

Da buƙatu suka taru, za su fi ƙarfin aljihu, wannan ba makawa. Ban san ma'aunin tace su da ya fi wanda malaman usulu irin su Gazali da Shaɗibi suka bari ba, inda suka kasa maslaha gida uku: ta larura, wadda in babu ita rai ko dukiya za su salwanta; ta buƙata, wadda rashinta ƙunci ne ba halaka ba; da ta ƙawa. A ofishin 'yan sanda, larura ita ce ɗakin karɓar ƙara, da ɗakunan tsarewa guda biyu don kada a haɗa maza da mata, masu tagogi a sama ta ɓangarori biyu saboda zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da ma'ajiyar makamai mai ƙofar ƙarfe da rufin kankare, da masai, da ruwa, da katanga. Gidan kwanan ma'aikata na fi son a sa shi cikin larura a garuruwa irin namu, ko da wasu za su ce buƙata ce, saboda ɗan sandan da iyalinsa ke Sakkwato ko Jega, shi kuma yana kwana bisa benci, rabin hankalinsa yana can, kuma ba zai rasa dalilin tafiya duk ranar Alhamis ba. Tayil, da silin na roba, da babbar ƙofa mai zane, da allon marmara mai sunan wanda ya buɗe gini, duk ƙawa ne, a rubuta su a shafi na ƙarshe. Abin takaici ne yadda ake yawan juya wannan tartibi, a ga ofishi yana walƙiya daga waje, ma'aikatansa kuwa suna aika yaro ɗebo ruwa a maƙwabta.

Kafin a yanke cewa sabo za a gina, a dubi tsohon da ake da shi, idan akwai, a tafi da birkila da kafinta waɗanda ba su da rabo cikin kwangilar. A ɗaga silin guda a haska tocila, a soka wuƙa jikin katako: in ta shige kamar cikin gurasa, gara ta gama da shi, rufin duka sai an sauke. A karce bulo da ƙusa, in yashi ya zubo to siminti bai ishe shi ba tun asali. A dubi tsagar bango. Wadda ta tsaya kan filasta ba kome ba ce, amma wadda ta taso daga ƙasa a karkace, ta bi kusurwar taga, tana ƙara buɗewa ta sama, alama ce fandisho ya zauna, kuma duk fentin da aka shafa mata asara ne. Ƙa'idar da masu gini suka saba bi ita ce, in gyara zai ci fiye da rabin kuɗin sabo, a bar shi.

Maganar fili gajeruwa ce amma ta rusa ayyuka da yawa. A zaɓi tudu, bakin hanyar da babbar mota za ta iya juyawa, kusa da kasuwa amma ba cikinta ba. In wani bawan Allah ya ba da gonarsa kyauta, a rubuta, magadansa su sa hannu yana raye, uban ƙasa da alƙali su shaida, a kuma nemi takardar mallaka bisa dokar filaye ta 1978. In saye ne ko diyya, kuɗin ya shiga ƙiyasi tun layin farko.

Sai lissafin kaya. Wannan aikin mai ƙididdigar gini ne na sashen ayyuka, amma wajibi ne 'yan kwamiti su iya bin sawunsa, don wanda bai san yadda aka kai ga adadi ba, ba zai gane ranar da aka cuce shi ba. Ga misali da katanga. Fili mai ƙafa ɗari-ɗari, wato kusan mita 30 kowane gefe, kewayensa mita 120 ne. In tsawon katanga mita 2.4 ne, an sami murabba'in mita 288. Bulo mai inci tara guda goma ke rufe murabba'in mita ɗaya, ke nan bulo 2,880, ban da layukan da za su nutse cikin fandisho, ban da kashi 5 cikin 100 na wanda zai fashe a sauke da ɗora. Daga yawan bulo ake fitar da buhunan siminti na bugawa da na ɗorawa, da tifar yashi, da kwanakin birkila da leburori. Magina na kirki ba su yarda buhu guda ya haifi bulo mai inci tara fiye da talatin ba, duk wanda ya kawo farashi mai arha ƙwarai a tambaye shi guda nawa yake bugawa. Haka za a bi ɗaki ɗaki, rodi da tsakuwa, katako da kwano, ƙofofi, wayar lantarki, sokawe. Farashi kuwa a ɗauko shi daga 'yan kasuwa uku, a rubuta na kayan da aka sauke a Jabo, domin kuɗin siminti a bakin masana'antar Kalambaina dabam, kuɗinsa bayan mota ta kawo shi an biya 'yan dako dabam.

Tashar kwana-kwana tana da nata lissafi, kuma ruwa ne kansa. Motar da ke ɗaukar lita 5,000, in tana feshin lita 500 a minti, cikin minti goma ta ƙare. Abin da zai biyo baya ya dogara ga inda za ta sake cikawa da kuma tsawon lokacin da cikawar za ta ci. Don haka burtsatse, da famfo mai aiki da hasken rana, da tankin ƙasa mai ɗaukar cikin mota uku ko huɗu, su ne asalin tashar, rumfar mota da ofis suna biye. Garin da bai kai ga sayen mota ba yana iya farawa da tankin nan a gefen kasuwa, da injin ban-ruwa irin na 'yan fadama, da tiyo mai tsawo, da samari goma da aka koya wa aiki. Wannan ba ya kai kuɗin babbar mota, kuma yana aiki tun daren farko.

Yanzu mun zo inda mafi yawan ƙiyasi ke mutuwa, wato kuɗin da za a riƙa kashewa kowace shekara bayan an yanke ƙyalle an watse. Sayen doki ba shi ne wuya ba, dawa da harawar kullum su ne ke korar mutum daga hawa. Mako yana da awa 168, ma'aikaci kuwa awa 40 yake yi, saboda haka kujera guda da ake so a sami mutum a kanta dare da rana tana cin mutum huɗu da ɗoriya, kafin a yi maganar hutu da rashin lafiya. Motar kwana-kwana mai ma'aikata huɗu tana buƙatar mutum 16 ke nan a ƙalla; in aka ɗauki mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, kowane mutum naira 840,000 ne a shekara, su goma sha shida kuwa naira miliyan 13 da dubu 440, ba a sayi man dizal ko lita ɗaya ba, ba a sauya taya ko batir ba, ba a ɗinka kaki ba. A ƙara da kuɗin gyaran ginin kansa, wanda masana suka saba ƙiyasta shi da kashi 2 cikin 100 na kuɗin ginin kowace shekara, da kwashe masai, da sauya baturan sola bayan 'yan shekaru. A jera waɗannan na shekara biyar, a gefen kowane layi a rubuta sunan hukumar da ta ɗauki nauyinsa. Layin da aka rasa mai ɗaukarsa, a sani cewa nan ne aikin zai tsaya.

Kowane ƙiyasi a sa masa kwanan wata da ajali. Wanda ya yi lissafi a farkon 2023, kafin a cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu a kuma saki naira a watan Yuni, ya ga yadda kuɗin siminti ya ninka kafin shekara ta zagayo, kuɗin dakon kaya ma haka. Saboda haka a rubuta a fili cewa adadin nan na wata uku ne, bayan haka sai an sake tambayar kasuwa. A ware kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana. A sa harajin kaya na kashi 7.5 da ladan masu zane da masu duba aiki, waɗanda in ba a rubuta su ba ɗan kwangila zai cire su daga cikin siminti ba tare da ya faɗa wa kowa ba.

Game da inda kuɗi za su fito, ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna raba kashi 20.6 cikin 100 na asusun Tarayya, kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa ba su rabonsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa. Mai hankali zai tambayi ma'aji abin da ke saura bayan an biya albashi, da shi zai yi lissafi. Akwai asusun tallafa wa 'yan sanda da aka kafa da doka a 2019, akwai kasafin jiha, akwai ayyukan mazaɓu na ɗan majalisar Kebbe da Tambuwal da na sanata, sai dai kuɗin mazaɓa gini suke yi, ba su biyan albashi, kuma sukan zo da fasalin da aka zana a Abuja. Akwai gudummawar 'yan gari mazauna Sakkwato da Legas da Abuja, wadda ta fi kowace saurin zuwa in an ga lissafi a fili. Wani zai kawo shawarar a sa zakka. Jumhurun malamai ba su tafi a kan haka ba, tun da an ambaci masu cin zakka kashi takwas kuma gini ba ya cikinsu. Ƙofar da ta dace ita ce waƙafi: mai hali ya tsayar da shaguna biyu ko uku a kasuwa, hayarsu ta tafi ga man mota da gyaran famfo, a rubuta sharaɗin a gaban alƙali, a naɗa nazirin da zai riƙa karanta lissafi gaban jama'a sau ɗaya a shekara.

Idan abin da ake sa ran samu bai kai ba, a raba aikin mataki mataki, bisa sharaɗin kowane mataki ya zama abin amfani da kansa ko da na gaba bai zo ba: katanga da ruwa da ɗaki biyu masu rufi da ƙofa sun fi ɗaki goma da suka tsaya a linta. A fara haƙa bayan kaka, don a rufe kafin ruwan Yuni.

Takardar da za a kai gaba kada ta wuce shafi huɗu ko biyar. Shafin farko ya ɗauki abin da littafin bincike ya nuna, da adadi da watanni. Na biyu wasiƙar hukumar da za ta karɓi ginin da takardar fili. Sannan lissafin kaya, da kuɗin shekara biyar, da matakan aiki. Uban ƙasa, da kansilan mazaɓar Jabo da Kagara, da shugaban ƙungiyar gari su sa hannu, a ajiye kwafi a wuri uku. A kai ta tun watan Agusta ko Satumba, lokacin da ake haɗa kasafin shekara mai zuwa, domin wadda ta iso a Janairu sai ta jira wata shekara. In Allah ya sa aka ba da kwangila, kada kuɗin somin aiki su wuce abin da doka ta iyakance, sauran a biya bisa abin da injiniya ya auna ya gani a ƙasa, a kuma riƙe kashi 5 cikin 100 har wata shida bayan miƙa makulli, a tsara yadda wata shidan nan za su haɗa da damina guda, domin sai ruwan Agusta ya sauka a kan kwano ake sanin ko kafinta ya yi aikinsa.